Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da ya ga yaƙi, ya riƙe sana'a, ya haɗa kan iyali

Akwai wani darasi da nakan koyar da ɗalibaina na jami'a kowace shekara a kan sunayen Hausawa, wato yadda ake raɗa su, da yadda laƙabi kan danne sunan yanka, da kuma yadda suna kan adana tarihin da baki ya daɗe da mantawa. Idan muka zo kan sunayen da ke farawa da ɗan, nakan rubuta Ɗantata a allo, in nemi su gaya mini abin da suka sani a kansa. Nan da nan sai aji ya kaure. Wannan ya ce dukiya, wancan ya ce dalar gyaɗa, wani ya ce ai kakan su Aliko Ɗangote ne. Duk gaskiya suka faɗa. Amma idan na ce to mu raba kalmar gida biyu, ɗan mun san shi, wace ce Tata, sai ka ji tsit kamar ruwa ya ci makaɗi. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami a yau.

A shekarar 2025 marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata ya cika shekara 70 da rasuwa. A cikin wannan shekarar ce kuma, ranar 28 ga Yuni, Allah Ya karɓi ran ɗansa Alhaji Aminu a Abu Dhabi yana da shekara 94, aka yi masa sutura a Madina. An yi rubuce-rubuce da yawa a lokacin, an kuma yabi gidan daidai gwargwado. Sai dai na lura galibin masu rubutun daga saman bishiyar suka fara, suka bar saiwar. Ni kuwa a nawa ganin, abin da matasanmu ke bukata daga tarihin wannan dattijo ba lissafin dukiyarsa ba ne, domin wannan ba ya ƙara wa talaka komai sai haɗiyar yawu. Abin da suke bukata shi ne su san daga ina ya taso, me ya faɗa masa, da kuma me ya riƙe har ya kai inda ya kai.

An haifi Alhassan a garin Bebeji a shekarar 1877, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Iyayensa Agalawa ne, wato ɗaya daga cikin manyan rukunan fataken goro na ƙasar Hausa, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi ya gaji fatauci, kuma a kan hanyarsa ta zuwa Gwanja ne, ayari ya yada zango a Bebeji, matarsa ta haihu. Bayan ya dawo daga wannan tafiya sai ya bar Madobi ya tare a Bebeji. Ke nan ana iya cewa a zango aka haifi Alhassan, kuma wanda aka haifa a zango ba a koya masa ɗaure kaya.

Mai karatu da ya san Bebeji ta yau kaɗai zai iya ɗauka wani ƙauye ne da ƙaddara ta jefa iyalin ciki. Ba haka ba ne. A ƙarni na 19 Bebeji babban gari ne mai ganuwa da kasuwa, a kan hanyar da ta haɗa Kano da Zazzau. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya bi ta cikinta a 1826 kafin ya shiga Kano, ya kuma bayyana ta a matsayin gari mai yawan jama'a da ciniki. Ƙasar da ke kewaye da ita, daga Kiru zuwa Tudun Wada har can Doguwa da duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza, ƙasa ce mai damina da albarkar noma. Ayarin da ya fito daga Kano ya nufi kudu yana bukatar hatsi da ciyawar jakuna da masauki, kuma a irin waɗannan garuruwa yake samun su.

Jin daɗin bai daɗe ba. Alhassan yana ɗan shekara 8 ko kusa da haka mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, ta yi ƙaura zuwa Ankara, wato babban birnin ƙasar Gana a yau, ta bar 'ya'yanta a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan. Sunan wannan tsohuwa Tata. Ita ta raine shi, ita ta ga kwanansa da tashinsa, har mutanen gari suka daina kiransa da sunan mahaifinsa suka koma ce masa ɗan Tata. Ga amsar tambayar da nakan yi wa ɗalibaina. Sunan da ke jikin kamfanoni da manyan motoci da takardun banki fiye da shekara 100, sunan da ake miƙewa tsaye idan an ambace shi a taro, sunan wata baiwa ce da ba ta mallaki ko kanta ba.

A nan ne nakan tsaya in yi wa ɗalibai bayani a matsayina na mai nazarin harshe. A al'adar Bahaushe, idan aka jingina yaro ga wanda ba shi ya haife shi ba, shaida ce jama'a suka bayar cewa wannan mutum ya cika riƙo. Ba mai shela ne ya sanar ba, ba alƙali ne ya yanke ba, bakin mutane ne ya yi hukunci. Abin lura kuma shi ne, lokacin da Alhassan ya zama attajirin da babu kamarsa a Kano, yana da ikon sauya wannan suna. Da ya ga dama da ya sa an kira shi da sunan mahaifinsa ko na kakansa, waɗanda fatake ne sanannu, ko kuma da sunan garinsu kamar yadda da yawa suka yi. Bai yi haka ba. Ya bar sunan Tata a kansa, ya bar wa 'ya'yansa, su ma suka bar wa nasu. Mu da muke zamanin da mutum kan ɓoye uwar da ta haife shi idan ya sami muƙami saboda ba ta iya gaisawa da manyan baƙi ba, muna da abin dubawa a nan.

Gadon da ya samu daga mahaifinsa bai kai shi ko'ina ba. Ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya ɗanɗani rayuwar almajirci da duk abin da ke cikinta na yunwa da yi wa malam hidima da neman na kai. Masu ba da tarihinsa sukan ambaci asusu, cewa tun a wannan lokaci ya saba da tara 'yan kuɗin da ya samu daga ƙananan ayyuka da saye da sayarwa, kuma sukan danganta wannan ɗabi'a da tarbiyyar Tata. Yana da kimanin shekara 15 ya bi ayarin Gwanja domin ya je ya ga mahaifiyarsa. Wanda zai yi zaton ya isa ke nan ya faɗa cikin daula, ya yi kuskure, domin hannun wani malami ta danƙa shi, ya ci gaba da karatu da aikin ƙarfi har lokacin da ya komo gida.

Ya kamata mu fahimci abin da tafiyar Gwanja take nufi a wancan zamani, domin a nan sana'ar take. Ayari kan fita da kanwa da baƙaƙen rini na Kano da Kura da jar fata da kayan dukanci da gabu, a kan jakuna da takarkarai da kawunan 'yan alaro. Madugu ne uban tafiya, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da zango da biyan kuɗin hanya ga sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. A ƙetare Kwara, a bi ta ƙasar Bargu, a gangara har Salaga, babbar kasuwar da goron ƙasar Asante ke fitowa. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci ya kusa shekara, ga 'yan fashi, ga cuta, ga koguna.

Shi kuma goro ba kaya ba ne da za ka ɗaure ka manta da shi. Abu ne mai rai, mai son ruwa, mai gudun zafi da iska. Dole a shirya shi cikin huhu da ɗanyen ganye, a riƙa kwancewa a kan hanya ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya lalata 'yan'uwansa. Dole mutum ya san goriya da marsa da minu, ya san sabon goro da daushe, ya iya lissafin ƙwarya, wato goro 100, da ka ba da takarda ba. Yawan waɗannan kalmomi a bakin Bahaushe, alhali bishiyar goro ba ta ƙasarsa ba ce, shi kansa shaida ne na zurfin gwanintar da kakanninmu suka yi a wannan fanni. Saboda haka idan na kira Alhassan Ɗantata mai sana'a, ba ina yi masa kara ba ne. Yadda maƙeri ya san ƙarfe, yadda marini ya san baba, haka ya san goro, kuma da tafin hannunsa da tafin ƙafarsa ya koya.

Sai kuma yaƙi ya zo. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi a ƙarƙashin Yusufu suka ƙi amincewa, suka fice daga birni suka yi sansani a Takai. Wannan shi ne Yaƙin Basasa, wanda ya raba ƙasar Kano gida biyu, Tukurawa da Yusufawa. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a 1894, aka kuma kashe Tukur a 1895. Agalawan Bebeji suna ɓangaren Tukur, don haka da aka ci garin sai abin ya faɗa kansu. An kashe na kashewa, an kwashe dukiya, an kama na kamawa. Cikin waɗanda aka kama har da Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi, kuma sai da aka biya fansa suka sami kansu.

Mai karatu ya dubi wannan al'amari da kyau. Yaron da baiwa ta raina, ga shi shi ma ya wayi gari a hannun masu kamu tun bai cika shekara 20 ba. Ba jarumin fagen fama ba ne, tarihi bai ba shi doki da sulke ba. Yana cikin rukunin da suka fi kowa yawa a kowane yaƙi, wato waɗanda ba su suka haɗa faɗan ba amma a kansu ake yin sa. Bebeji ba ta gama farfaɗowa ba kuma sai ga wata masifar, domin a farkon 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland da ta taso daga Zariya a nan ta fara cin karo da turjiya. Suka fasa ƙofar garin da igwa, sarkin garin ya rasa ransa, sannan suka wuce suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Cikin shekara 10 garin da aka haife shi ya faɗi sau biyu.

Da yawa daga waɗanda irin wannan ta faɗa wa ba su sake tashi ba. Wasu baƙin ciki ya cinye su, wasu suka ƙare rayuwarsu suna ba da labarin dukiyar da aka ƙwace musu. Alhassan kuwa sai ya koma ga abin da ba a iya kwashewa a ganima, wato sana'ar da ke kansa da amanar da mutane suka san shi da ita. Ya sake ɗaura ɗamarar fatauci. Kuma a nan ne hangen nesansa ya bayyana. Tsohuwar hanyar Salaga ta riga ta fara mutuwa, tun bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, sannan yaƙin cikin gida ya tarwatsa Salaga kanta a 1892. Maimakon ya tsaya kukan hanyar kakanni, sai ya juya ta bakin teku. Daga wajen 1906 yana cikin fataken Arewa na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Sekondi da Ankara zuwa Ikko, daga nan a haura da shi Arewa. Tafiyar da kan ci shekara ta koma ta makonni, asara ta ragu, jari ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara guda.

Sauyi na biyu ya zo da jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragunsu domin masaƙun Ingila. Manomin Kano kuwa ya yi nasa lissafin, ya ga gyaɗa ta fi riba, ga ta tana gyara ƙasa, ga shi idan shekara ta ɓaci ana iya cin ta, ita kuwa auduga ba a tuwo da ita. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ruwa a jallo domin yin man shafa wa burodi da sabulu. Cikin 1913 kaɗai gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai kusan tan 19,000. Amma kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe, ba su san wanda za a ba kuɗi a kwana da ido biyu rufe ba. Waɗanda suka san wannan su ne fataken goro irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata, masu yara da masaukai da abokan hulɗa a kowace kasuwa.

A 1918 kamfanin Neja, wanda daga baya a 1929 ya narke cikin UAC, ya jawo shi ya zama mai saya masa gyaɗa. Tsarin kuwa gaba ɗaya a kan yarda ya ginu. Kamfani ya ba shi kuɗi, shi ya raba wa yaransa, su kuma su shiga ƙauyuka da buhuna da sikeli, babu wata takardar lauya a tsakani. Wanda ya ci amana sau ɗaya ya fita daga layi. Zuwa farkon shekarun 1920 ya sha gaban sauran attajiran Kano. A cikin waɗannan shekaru ne ya sauke farali ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila inda aka gabatar da shi ga Sarki George na 5. A 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 a reshen bankin Turawan Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano, labarin da har yau ba a daina bayarwa ba. Shi ake danganta wa fara jera buhunan gyaɗa a yi dala da su kafin jirgi ya kwashe, abin da ya zama tambarin Kano a idon duniya. Bai kuma tsaya ga gyaɗa da goro ba, ya shiga cinikin shanu da hatsi da tufafi da duwatsun ado, da sufuri da gine-gine. Zuwa shekarun 1940 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na nuna kamar zamanin gyaɗa duk alheri ne. Tsari ne na mulkin mallaka, wanda aka gina domin a kwashi ɗanyen kaya a kai Turai, a dawo mana da shi a sarrafe mu saya da tsada. Harajin da aka tilasta biya da kuɗi ya tura manomi ga gyaɗa ko yana so ko ba ya so. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta sami mutane da yawa da rumbunan da ba su cika ba. Manomi kan karɓi bashi da damina ya biya da kaka a farashin da ba shi ya yanka ba, kuma ko bayan kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, kuɗin da ake ba shi bai kai na kasuwar duniya ba. Kowace dala da aka ɗauki hotonta a Kano, gumin dubban manoma ne na garuruwa irin su Kiru da Bebeji da Tudun Wada, waɗanda babu wanda ya rubuta sunayensu. Girman Ɗantata shi ne, a cikin tsarin da aka shirya domin baƙar fata ya tsaya a matsayin ɗan aike, ya kutsa har ya zauna a inda Turawa da Kwarori suka ɗauka nasu ne su kaɗai. Amma idan za mu tuna da shi, mu tuna da su Tata na gonaki da suka ɗauke shi a kafaɗunsu.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran wuya, shi ne iyali. Tara dukiya abu ne da mutane da yawa suka yi a Kano kafin shi da bayansa. Ina gidajensu a yau? Kowa a cikinmu ya san gidan da aka yi arziki na faɗa a ji, amma kafin a yi sadakar arba'in 'ya'ya sun gurfana gaban alƙali, 'yan uba sun daina gaisawa, an sayar da kantin, an yanka gidan gado da bulo kamar gonar gandu. Alhassan ya san wannan ciwo, domin ya ga yadda dukiyar mahaifinsa ta watse tun yana yaro. Saboda haka ya jawo 'ya'yansa cikin sana'a tun suna ƙanana, ya haɗa musu karatun addini da na zamani har da makaranta a cikin gida, ya ba kowa ɓangaren da zai kula da shi. Uwargidansa ma tana da nata fagen, ita ke tafiyar da ciniki da matan da ke cikin kulle. Ya mayar da harkar ta zama kamfani mai ɗauke da sunansa da na 'ya'yansa. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara su ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su raba kamfanin, kada su yanke zumunci. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, yana da shekara 78, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Ya ga zamanin sarakunan Kano 8, daga Abdullahi Maje Karofi zuwa Muhammadu Sanusi, ya fara da jaki ya ƙare a zamanin jirgin sama.

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya yi suna a cinikin gyaɗa da sufuri da taimakon ƙananan 'yan kasuwa da jari. Mamuda yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin jigilar alhazai a 1948, wanda taƙaitaccen sunansa na Turanci ya bar mana kalmar Wapa da ake kiran wani yanki na Fagge da ita har yau, ga wani sunan kuma da ya adana tarihi. Aminu ya ja ragamar gidan shekaru masu yawa. Ta wajen Hajiya Mariya 'yar Sanusi kuma aka sami Aliko Ɗangote, wanda ya ƙaddamar da matatar mai a Legas a 2023. Dalar gyaɗa kanta ta ɓace tun shekarun 1970, bayan farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 da kuma shagala da kuɗin man fetur. Hajar ta tafi, amma gidan ya tsaya. Wannan ya nuna ba gyaɗar ce jarin ba tun asali.

Aikin nazarin karin harshe ya sha kai ni garuruwan kudancin Kano, kuma duk lokacin da na je nakan dawo da tunani biyu. Na farko, arzikin da Allah Ya ajiye a wurin bai ƙare ba. Ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga shinkafar Tudun Wada, ga masarar Doguwa, ga dajin Falgore, ga ma'adinan Riruwai. Na biyu kuwa, nakan tarar da samari majiya ƙarfi waɗanda burinsu shi ne a raba gado su sayar da kasonsu na gona, su shiga birni tuƙin adaidaita sahu, ko su bi bayan ɗan siyasa suna jiran na goro. Da yawansu suna da takardar makaranta, amma suna ganin ƙasƙanci ne a gan su da awon hatsi ko ƙira ko ɗinki. Idan ka ambaci Ɗantata sai su ce ai wannan Allah ne Ya ba shi. Gaskiya ne, Allah ne mai bayarwa. Amma wanda Allah Ya ba ɗin, maraya ne, almajiri ne, kamamme ne da aka fansa, kuma ya taka ƙasa da ƙafarsa daga Bebeji har bakin teku kafin ya mallaki raƙumi ko ɗaya.

Saboda haka ina da kira guda uku. Ga hukumomin ilimi na Jihar Kano, ya kamata tarihin mutane irin wannan ya shiga littattafan firamare da sakandare cikin harshen Hausa. Abin kunya ne a ce mafi yawan abin da aka rubuta a kan fataken goro da cinikin gyaɗa, kamar ayyukan Paul Lovejoy da Jan Hogendorn da namu Abdulkarim Umar Ɗan'asabe, yana cikin Turanci a ɗakunan karatu na jami'a, inda jikokin masu tarihin ba sa kaiwa. Ga 'yan'uwana malaman jami'a, mu fita da na'urar ɗaukar magana mu tattara kalmomin fatauci da na sauran sana'o'i daga bakin tsofaffin da suka rage, domin kowane dattijo da aka binne, da ƙamus guda ake binne shi. Ga attajiranmu kuma, su tuna cewa ba a auna mai gida da abin da ya tara, sai da abin da ya rage a tsaye bayan an ɗauke gawarsa, kuma tsintsiya ba ta shara sai da maɗauri.

A ƙarshe ina komawa ga allon ajina. Bana ma zan rubuta wannan suna, in sake tambayar ɗalibai wace ce Tata. Fatana shi ne wata rana in sami wanda zai ɗaga hannu ya ce ita ce tsohuwar da ta riƙi amanar marayan da aka bar mata a Bebeji, shi kuma ya riƙi sunanta har kabarinsa. Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya jiƙan Tata, Ya jiƙan manoma da 'yan alaro da duk magabatanmu da suka yi wahala domin mu huta. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.